Wata uku ina biyan Spotify saboda wata yarinya 'yar Suwidin, ga yadda na gan shi

Ni tela ne, ba ɗan jarida ba, ba kuma masanin kiɗa ba, don haka wanda ya zo neman turancin masana a nan toh ya yi haƙuri. Abun da ya sa nake wannan rubutun shi ne tsiyar da abokai suke ta mun tun bayan babbar sallah, wai da gaske ne na fara biyan kuɗi duk wata don kawai in ji waƙa a waya, ni da ko katin ɗari biyu sai na yi lissafi sau uku kafin in saka. Eh da gaske ne. Wata uku kenan cur, kuma tunda na gaji da ba kowa amsa ɗaya bayan ɗaya gara in zuba shi a wuri guda kowa ya karanta ya huta nima in huta.

Asalin maganar ta faro ne tun 2016 a gidan kallo. Wanda yake bin ƙwallo zai tuna wasan ƙarshe na kofin Turai ranar 10 ga Yuli, Fotugal da Faransa, 'yan kwanaki bayan ƙaramar sallah, lokacin ni ko bayana bai gama miƙewa daga ɗinkin sallah ba. Daren da Ronaldo ya ji ciwo tun farkon wasa ya zauna a fili yana hawaye wani ƙwaro mai kama da malam-buɗe-littafi ya zo ya sauka masa a fuska, daga baya Eder ya ci ƙwallo ɗaya a ƙarin lokaci. Toh kafin a take wasa an yi bikin rufewa, David Guetta yana kiɗa, sai ga wata yarinya ta fito tana waƙar gasar a gaban filin da ya cika maƙil, mu kuma a gidan kallo ana ta ihu mai gida ya rage murya a fara ƙwallo kawai. Ni dai muryar ta tsaya mun a kunne amma ban san sunanta ba ban kuma nema ba, rayuwa ta ci gaba.

Sai bana, 'yar yayata da take jami'a ta zo shago kawo ɗinkinta, wayarta tana waƙa ƙasa-ƙasa a jaka, nace tsaya, wannan muryar na santa. Tace "Kawu kai kuma ina ka san Zara Larsson?" Nace ban santa ba amma ita ce ta ƙwallo. Dariya ta dinga yi har da riƙe ciki, ta ciro wayar ta nuna mun, ashe lokacin da na ganta a gidan kallo shekarunta 18 ne kacal. 'Yar yayar tawa ce ta saka mun manhajar jin waƙa ta Spotify a waya ranar, tace in gwada na kyauta tukunna.

Na kyautan na yi kusan sati biyu da shi. Yana aiki, ba za a ce baya yi ba, amma talla tana shigowa tsakanin waƙoƙi kuma ba ka iya saukewa ka ji ba data, wanda ga mai kwana a shago wannan shi ne komai. Da na yanke shawarar biya sai katin bankina ya ƙi, na gwada sau uku yana cewa a'a, na je bankin aka ce in dawo gobe, goben ma aka ce sai an buɗe mun wani abu a katin, wlh saura kaɗan in haƙura. Laifin bankina ne wannan ba na kowa ba, don ranar da suka gyara minti ɗaya bai cika ba ya wuce. Kuɗin kuma, lokacin da Spotify suka shigo Najeriya a Fabrairun 2021, tare da Gana da Nijar da Kamaru da Chadi da wasu ƙasashe sama da 80, naira 900 ne a wata na mutum ɗaya, an ƙara tun daga lokacin kamar yadda komai ya ƙaru a ƙasar nan, amma har yau bai kai abun da nake karɓa a ɗinkin wando ɗaya ba. Da wannan na lallashi kaina.

Yanzu ga inda kuɗina ya fito, kuma ba inda na zata ba ne. Ni na ɗauka abun da zan mora shi ne rashin talla. Ashe wani ɗan wuri ne da yawancin mutane ba sa ko kallo, in ka danna ɗigo ukun nan na gefen waƙa ka gangara ƙasa akwai inda zai nuna maka waɗanda suka yi aikin waƙar, wa ya rera, wa ya rubuta, wa ya haɗa kiɗa, wane kamfani ne ya fitar. Wani dare NEPA sun ɗauke, man jannareto ya ƙare, ina zaune ina jiran yaron shagona ya dawo daga gidan mai, zaman banza ya sa na fara dannawa waƙa bayan waƙa ina bin na yarinyar nan daga tsofaffi zuwa sababbi, sai na ga ashe tarihinta gaba ɗaya yana kwance a wurin in ka iya karantawa.

An haife ta ranar 16 ga Disamban 1997 a Solna, nan gefen Stockholm babban birnin Suwidin, ta taso a wata unguwa da ake kira Tallkrogen a kudancin birnin. Ba gidan mawaƙa ba ne, babanta soja ne, tana da ƙanwa ɗaya Hanna wadda ita ma daga baya ta shiga waƙa. Tana ƙarama an saka ta makarantar rawar bale ta masarautar ƙasar, shi ya sa in ka ga yadda take motsi a dandamali za ka san ba a ɗaki ta koya gaban madubi ba. A 2008 tana shekara 10 ta shiga gasar Talang ta tashar TV4, irin gasar nan ta nuna baiwa da ake yi a ƙasashe da yawa, manya da yara kowa ya kawo abun da ya iya, ta rera waƙoƙin Whitney Houston a zagayen farko, a wasan ƙarshe kuma ta ɗauko waƙar Celine Dion ta fim ɗin Titanic, wadda ko a nan babu wanda bai taɓa jinta a ringin ɗin wayar wani ba, ta cinye gasar aka ba ta kurona 500,000 kuɗin ƙasarsu. Wannan ɓangaren sai da na koma YouTube na kalla don Spotify wurin sauti ne ba wurin tsofaffin shirye-shiryen talabijin ba. 'Yar ficiciyar yarinya, murya kuma kamar ta aro ta wurin babbar mace. Na kalla ya fi sau biyar, yaron shagona da ya dawo da man ya tsaya a bayana yace "Oga anya ba saka mata aka yi ba?"

Abun da ya fi ɗaukar hankalina ba cin gasar ba ne, abun da ya biyo baya ne. Shiru. Kai za ka zaci yarinyar da ta ci gasar ƙasa guda shikenan ta haye, amma ina. An kai ta har Amurka neman kamfanin da zai ɗauke ta aka dawo hannu rabbana, yarinya ce ƙarama ba wanda ya san me zai yi da ita, ta koma makaranta kamar kowa. Shekara huɗu aka yi a haka. Sai 2012 kamfanin TEN Music Group na can Stockholm, na wani tsohon mawaƙi Ola Håkansson, ya ɗauke ta, a Janairun 2013 suka fitar mata da ƙaramin kundi mai suna Introducing, a cikinsa akwai Uncover wadda ta hau lamba ɗaya a Suwidin da Norway. Shekarunta 15. A wannan shekarar ta sa hannu da Epic Records na Amurka, Amurkar da ta dawo da ita a baya, a Disamba kuma ta yi waƙa a bikin kyautar zaman lafiya ta Nobel a Oslo. A Oktoban 2014 kundinta na farko ya fito, sunansa ma lamba ce kawai, 1, kuma kasuwar yankinsu aka yi wa shi.

Toh danna wurin sunayen nan a kan Uncover ka gani. Babu sunanta a marubuta. Wasu maza ne uku suka rubuta, ita murya kawai ta saka. Ka je kan Lush Life ta 2015, wadda ita ce ta fitar da ita duniya har ta kai lamba 3 a Birtaniya, mutum shida ne suka rubuta, nan ma babu ita. Na ɗan ji wani iri gaskiya, don ko'ina cewa ake mawaƙiya kuma marubuciyar waƙa, nace toh ina rubutun. Sai na danna Never Forget You, ita ma 2015, sai ga sunanta ya bayyana a jere da na MNEK. Shi MNEK ɗin nan sunansa na gaskiya Uzoechi Emenike, haifaffen Landan ne amma asalin gidansu Najeriya, tare suka zauna suka rubuta tare suka rera, waƙar ta kai lamba 5 a Birtaniya ta kai 13 a Amurka. Daga nan in kana gangarowa sai ka ga sunanta yana ƙara yawa a wurin marubuta, kundi bayan kundi.

Wlh a wurin na ajiye wayar na yi dariya ni kaɗai, don wannan ai labarin shagon tela ne. Duk wanda ya koyi ɗinki ya san yadda ake. Shekarar farko kai da guga ne da saka maɓalli da aiken siyo zare, in ka yi sa'a a ba ka kalmasa. Daga nan a fara ba ka haɗi, maigida ya yanka kai ka haɗa, rigar ta fito tsaf kwastoma ya yaba amma kai ka san ba taka ba ce tunda ba kai ka riƙe almakashi ba. Ni sai da na shekara uku a wurin maigidana kafin ya bar ni in taɓa shaddar mutane da almakashi, ranar hannuna rawa yake kamar mai jin sanyi, yadi biyar na wani ango, na auna ya fi sau huɗu kafin in sara. Uncover da Lush Life haɗi ne, wani ya yanka ta haɗa, kuma ta haɗa da kyau ba ƙarya. Never Forget You ita ce ranar da aka miƙa mata almakashi. Kuma ni a kunnena ana jin bambancin, ko don na riga na sani ne oho, amma a waccan tana rera abun da aka ba ta ne da iya ƙarfinta, a wannan kuma akwai wata natsuwa, ba ta ƙoƙarin nuna maka cewa ta iya.

Sannan akwai mataki na ƙarshe da kowane tela yake mafarki, ka siyi kekenka ka kama shagonka. A 2022 ta siye asalin naɗin waƙoƙinta daga TEN ta buɗe kamfaninta mai suna Sommer House, tana shekara 24. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in ka fahimci yadda Spotify yake biya. Ba mawaƙi suke ba kuɗi kai tsaye ba, suna tara kuɗin wata na masu biya da na talla, su ware kusan kashi biyu cikin uku su raba wa masu haƙƙin waƙoƙi gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu, kuma sai ka ji waƙa ta kai daƙiƙa 30 ake ƙirga ta. Masu haƙƙi kuwa su ne wanda ya mallaki naɗin da waɗanda suka rubuta. Kenan wanda murya kawai ya saka shi ne na ƙarshe a layi, sai abun da yarjejeniyarsa da kamfani ta ba shi. Yanzu duk daren da na kunna tsohuwar waƙarta ina taka keke, 'yar ficikar da za ta fita daga kuɗin wandona ta san hanyar gidanta.

Wani abu kuma da ya ba ni mamaki, shi kansa Spotify ɗin ɗan garinsu ne. A Stockholm Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa shi a 2006, ya fara aiki a Oktoban 2008, shekarar da ta ci gasa. Kuma dalilin kafa shi zai yi wa duk ɗan Arewa kama da gida, lokacin Suwidin ta yi ƙaurin suna wurin satar waƙa ta intanet, shafin Pirate Bay ma nasu ne, matasa ba mai siyan faifai kowa saukewa yake a ɓagas, kamar dai yadda masu tura waƙa a memori suka kashe kasuwar kaset da CD a wurinmu. Su sai suka yi tunanin tunda ba za ka iya hana mutane ba toh ka kawo musu abun da ya fi satar sauƙi. Don haka ita da manhajar tare suka girma, tana cikin 'yan farkon mawaƙan da ba shagon faifai ne ya yi su ba, wayoyin mutane ne. Ƙasa ce mai mutum miliyan 10 da 'yan kai, ba ta kai jihar Kano ba, amma ita ta fitar da ABBA da Avicii da Max Martin wanda ya rubuta wa su Britney Spears manyan waƙoƙinsu, kuma wani ɓangare na sirrin shi ne ƙananan hukumominsu suna da makarantun koyon kiɗa masu araha da yara ke zuwa bayan an tashi daga boko. Shi ya sa mutum shida a waƙa ɗaya ba abun kunya ba ne a can, sana'a ce mai layi kamar tamu, akwai mai yanka akwai mai haɗi akwai mai aikin wuya.

Kundin da na fi ji shi ne So Good na Maris 2017, wanda shi ne na farko da aka fitar mata duniya gaba ɗaya, waƙa 15. Kafin ya fito ta riga ta yi ta gasar ƙwallon nan, ta yi wata da Tinie Tempah wanda shi ma iyayensa 'yan Najeriya ne, ta buɗe wa Beyoncé fili a Ingila, ta ci kyautar sabuwar tauraruwa ta MTV ta Turai, duk a 2016. A kundin ne akwai Symphony da ta yi da ƙungiyar mawaƙa ta Clean Bandit wadda ta kai lamba ɗaya a Birtaniya. Kuma ga wanda bai sani ba akwai Wizkid a ciki, a wata mai suna Sundown, lokacin tauraronsa yana tsakiyar haskawa bayan waƙarsu da Drake wadda ita ce ta fara kai sauraro biliyan ɗaya a Spotify. Gaskiyata dai wannan ta Wizkid ɗin ban ji ta kai yadda na sa rai ba, tana da daɗi a kunne amma kamar kowa yana gefensa, shi ya shigo ya yi nasa ya fita, babu wannan haɗuwar jinin da ke tsakaninta da MNEK. Kundin ma gaba ɗaya matsalarsa kenan a wurina, hannu ya yi yawa, riga ɗaya tela goma, wannan waƙar ta rawa ce waccan ta kuka ce ta gaba kamar ta wata mawaƙiyar daban, muryar ce kaɗai zaren da ya riƙe su. Da ni ne da na cire huɗu ko biyar. Amma rabin da ya yi kyau ya yi kyau sosai, Lush Life musamman in bacci ya fara fizgarka wajen ƙarfe biyun dare ga wuyan riga goma suna jiranka, ƙafarka da kanta take bin kiɗan a kan feda.

Batun data tunda shi kowa ke tambaya. Akwai matakan ingancin sauti a saitin, na ƙasa yana cin kamar MB 11 a awa, na daidai kamar MB 43, na sama da ake ba masu biya kamar MB 144. Ni a 'yar sifikata ta China ga ƙarar keke ga ƙarar jannareto, rantsuwa ba kaffara ban ji bambanci tsakanin na daidai da na sama ba, sai in na saka iyafis a gida shiru. Don haka kar ka ƙona datarka a banza. Abun da nake yi shi ne in na samu datar dare mai araha sai in sauke duk abun da nake so, So Good gaba ɗaya bai ci MB 50 ba a na daidai, shikenan sai in kashe data in yi ta ji. Sharaɗin kawai ka leƙa intanet ko sau ɗaya ne a cikin kwana 30 in ba haka ba abun da ka sauke zai rufe. A unguwarmu da sabis yake zuwa yana tafiya kamar baƙon da bai yi niyyar zama ba, wannan saukewar ita ce rabin darajar kuɗin. Sannan ka shiga saitin ka kashe 'yan gajerun bidiyon nan da ke juyawa a bayan waƙa, Canvas suke ce masa, data yake sha ba gaira ba dalili, kuma dai kun san shigar mawaƙan Turawa ba irin tamu ba ce, ba ka so waya tana kan teburin yanka kwastoma ya leƙo.

Wannan ya kawo ni ga abun da ya kamata in faɗa tsakani da Allah. Ita yarinyar nan 'yar ƙasarsu ce da tarbiyyar ƙasarsu, bakinta kuma baya shiru, tun tana 'yar shekara sha tana faɗin ra'ayinta kan 'yancin mata a intanet har ana ta rigima da ita a can gida. Wasu waƙoƙin nata ma'anarsu ba ta shago ba ce. Manhajar tana nuna kalmomin waƙa suna tafiya tare da murya, ni turancina na awo ne da lissafi amma ina tsintar abun da na tsinta, wata kuma 'yar yayata ce ta ji ina kunnawa tace "Kawu don Allah cire wannan, ka san me take cewa kuwa?" nace a'a, tace gara da baka sani ba, na cire. Akwai maɓallin da ke toshe waƙoƙin da aka yi wa alamar E wato masu zagi ko batsa ƙarara, na kunna shi, amma kar ka dogara da shi ɗari bisa ɗari don kalma yake kamawa ba ma'ana ba, waƙa tana iya zama ba zagi ko ɗaya amma in aka fassara maka sai ka nemi wurin ɓuya. Gara ka haɗa jerinka da hannunka, ni ina da biyu, na rana da na dare.

Ko na ranar ma bai tsira ba. Wani dattijo da nake wa ɗinki shekara da shekaru ya shigo karɓar babbar riga Uncover tana tashi a hankali, ya tsaya ya karkata kai yace "Malam tela, wannan wace Baturiyar ce aka yi wa mutuwa?" Nace Alhaji ba mutuwa ba ce soyayya ce. Yace toh Allah ya kyauta, in soyayya ce haka ina ga mutuwar. Na rage murya har ya fita.

Abun da bai gamsar da ni ba shi ne ɓangarenmu. Waƙoƙin Hausa na zamani akwai su ba laifi, manyan sunayen da kuka sani za ka same su, amma in ka koma kan na gargajiya tsofaffi sai ka samu ɗaya ka rasa uku, wani lokacin suna ɗaya an rubuta shi kala biyu waƙoƙin sun rabu gida biyu. Kuma wurin sunayen nan da na yi ta yabo, in ka danna shi a kan waƙoƙinmu da yawa sunan mawaƙin kaɗai za ka gani an maimaita, ba mai kiɗa ba 'yar amshi ba kowa, alhali duk mun san yadda ake aiki a situdiyo, ba mutum ɗaya ba ne. Wannan daga masu ɗora waƙar ne, abun da suka cike shi zai fito. Ya dame ni don yarinyar da ta yi amshi a waƙar da ta zaga Arewa gaba ɗaya babu inda wani zai zauna bayan shekara goma ya bi sawunta kamar yadda na bi na Zara a dare ɗaya. Wanda waƙar Hausa zalla yake ji gaskiya Audiomack ko YouTube za su iya isar masa ba sai ya biya ba. Sannan shawarwarin da manhajar take kawowa duk Litinin, da farko Turawa zalla ta dinga jero mun tunda da su na fara, sai da na yi sati biyu ina cusa mata namu kafin ta gane ni ba ɗan Stockholm ba ne.

Ga wanda zai biya, in kuna da yawa a gida ɗaya akwai tsarin iyali na mutum shida da ya fi sauƙi in aka raba, akwai na mutum biyu, akwai na ɗalibai. Ni na mutum ɗaya nake yi, in an ce in ba shi maki zan ba shi bakwai da rabi cikin goma, ɗaya na cire saboda tsofaffin waƙoƙinmu, ɗaya saboda komai na ciki da turanci ne wanda bai yi boko ba sai an saita masa, rabin kuma haushin bankina ne da har yanzu bai gama sauka ba duk da na san ba 'yan Spotify suka yi ba.

Ranar Talatar nan aka cire na wata na huɗu, alat ya shigo ina tsakiyar yanka wani yadi, na duba na mayar da wayar aljihu. Yanzu na wuce So Good na shiga Poster Girl na 2021, ban gama yanke hukunci a kansa ba tukunna don sau biyu kawai na ji, kuma yaron shagona ya karɓe sifikar tun jiya wai shi ma yana haɗa nasa jerin.